Wayar da Biwaya Bai Bi Ba

Shekara talatin da ɗaya Biwaya ya yi yana jan waya a kamfaninmu, amma in ka tara ma'aikata ɗari ka tambaye su sunansa na yanka, da kyar mutum biyu su ɗaga hannu, kuma ɗayan ƙarya zai yi maka. Sunan daga halinsa ya samo shi. Ba ya cusa waya a jikin na'ura sai ya bi ta da tafin hannunsa tun daga wannan bakin har wancan, ko da kuwa ta ratsa bango uku ta hau bene ta sauko. Sai ya taɓa ɗaya bakin, ya manna masa lebul, wato 'yar takardar shaida, ya dawo ya manna wa na farko, sannan ya cusa.

Kamfanin namu na ajiyar magunguna ne, muna raba wa asibitoci. A ƙasa akwai ɗakunan sanyi inda ake jera allurai da ruwan magani. A bene na biyu akwai ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin da suka san kowane kwali, inda yake da ranar da zai lalace. Ni ne mai kula da injinan sanyi na duka ginin, shi ya sa ake ce mini Mai Sanyi, duk da matata ta ce wanda ya raɗa mini sunan bai taɓa zama gida ɗaya da ni ba. Aikina yana kai ni ɗakin saba kullum, don waɗannan na'urori sun fi jariri rashin jure zafi. A nan na san Biwaya.

Mutum ne siriri, mai ɗan doro saboda yawan sunkuyo, yatsunsa duk tabon yankan ƙarfe. Yana da littafi mai baƙin bango, kowace waya da layinta a ciki: lambarta, inda ta fito, inda ta nufa, rana, sai sa hannunsa. Ya cika uku yana cikin na huɗu. Manajoji sun zo sun tafi, kowanne da tsarinsa na kwamfuta da zai maye gurbin littafin, kuma kowanne ranar da abu ya kwaɓe sai ka gan shi tsaye a bakin ƙofa yana tambaya a hankali ko Baba yana kusa. Ba a taɓa kama kuskure a littafin ba. Biwaya ba shi da mota, ba shi da muƙami, wannan magana ita ce abin da ya tara.

Halin har gida ya bi shi. Matarsa ta ba ni labari cewa ko igiyar shanya ya ɗaura, sai ya shafa ta daga ƙusa zuwa ƙusa kafin ya yarda a rataya zani. Ranar da suka je gaida surukan babbar 'yarsa, ana cikin gaisuwa ya hango wata waya ta bi ƙasan kafet. Ya miƙe kamar mai neman banɗaki, sai ganinsa aka yi a kicin ɗin mutane, durƙushe bayan firiji, uwar ango tana tsaye a kansa da ludayi. 'Yar tasa ta yi wata guda ba ta ɗaga wayarsa.

Amma ba haka yake tun farko ba. Shekarunsa goma sha biyu na farko su biyu ne, shi da wani ɗan ƙaramin mutum da muke kira Ɗan Silin, Allah ya ji ƙansa. Rabin rayuwarsa a cikin silin ya yi ta, yana rarrafe tsakanin katako da bututu, in ya sauko sai ka rantse an tono shi ne. Tsarinsu mai sauƙi ne. Biwaya yana ɗakin saba riƙe da baki ɗaya, Ɗan Silin yana can wani lungu da ɗayan. Ƙarar fankokin ɗakin ba ta barin a ji kira, don haka da wayar suke magana. Ja ɗaya, ƙaro mini. Ja biyu, na riƙe, na haɗa, cusa naka. Kowannensu yana rubuta rana da lokaci a lebul ɗin bakinsa, kuma ba a taɓa samun lebul biyu na waya ɗaya da suka yi daidai ba. Agogon Ɗan Silin kullum yana baya da minti bakwai, ya ƙi gyarawa, wai duniya ce take sauri. A kan minti bakwai ɗin nan suka yi shekara goma sha biyu suna faɗa a wurin cin abinci.

Wata Talata da hantsi, shekara goma sha tara da suka wuce, Ɗan Silin ya sauko daga silin ɗin ƙasa ya zauna a kan matakala yana dafe da ƙirji. Ni da mai gadi muka ɗauke shi muka sa a mota, ƙarfe goma da minti arba'in, na gani a agogon motar. Sha ɗaya da kwata likita ya fito ya girgiza mana kai. A cikin ruɗewar ba wanda ya tuna da Biwaya yana sama cikin ƙarar fankoki. Sai da rana ta take aka hau aka gaya masa.

Tun daga ranar ya ƙi karɓar abokin aiki. Duk wanda aka haɗa su, sai ya sa shi riƙe tsani kawai, shi ya bi wayar da kansa. Muka ce baƙin ciki ne, muka ce ba ya son wani ya tsaya inda Ɗan Silin ya tsaya. Muka raɗa masa suna, muka ci gaba da harkokinmu.

A watansa na ƙarshe kafin ritaya aka kawo sababbin akwatuna. Guda uku ne, na ƙarfe, kowanne sai mutum huɗu sun kama. Ba irin tsofaffin sabobin da kowacce ke da tarin wayoyinta a baya kamar gemun da ba a tajewa ba ne. Waɗannan ana zura saba a cikinsu ta gaba kamar durowa, guda takwas a akwati, a baya kuma akwai suwic biyu biyu, wato na'urorin da ke raba saƙo tsakanin kwamfutoci. Tare da akwatunan aka turo Injiniya, mace mai gilashi da ba ta kai shekarun littafin Biwaya na farko ba sosai, amma ta san aikinta, kuma tana da ladabi. Baba take ce masa, shi kuma 'yata.

Ita ta yi mana bayanin abin da ta kira saƙa. Wai da zarar an cika sharuɗɗa, suwic-suwic ɗin za su gano juna da kansu, su gaisa, su raba aiki, su ɗinke su zama kamar na'ura ɗaya. Ka zura sabuwar saba, saƙar ta gane ta, ta buɗe mata hanya, ba mai taɓa komai. Na ce mata to ai mu ma sai a zura mu a durowa a huta. Ta yi murmushi ta ce ni ba zan shiga ba.

Sharuɗɗan suna kan takarda biyu. A haɗa akwatunan uku da waya su zama zobe, na ƙarshe ya dawo wa na farko. A naɗa ɗaya shugaba, ɗaya mataimaki, don in shugaba ya mutu kada a tsaya zaɓe. Manhajar da ke cikin kowane suwic ta zama iri ɗaya, ba tsoho da sabo. Agogonsu duka ya zama ɗaya, har daƙiƙa. Da ta karanta wannan sai na ga Biwaya ya ɗan yi murmushi shi kaɗai. Sai sharaɗi na ƙarshe, wanda ta ja wa layi da jan biro. A cikin waya ɗaya ana raba hanyoyi da yawa, kowace da lambarta, kamar layukan mota a babban titi. Akwai lamba ɗaya can ƙarshe, dubu huɗu da wani abu, da saƙar ta keɓe wa kanta don maganar cikin gida. Dole wannan layin ya zama fayau, kada a sami kowace na'ura a ginin tana magana a kansa.

Biwaya ya yi kwana huɗu yana haɗa wayoyin, kowace sai da ya shafa ta duk da cewa wasu ba su kai kamu biyu ba. Ranar Litinin Injiniya ta danna abin da za ta danna, muka tsaya a bayanta muna kallon allo. Zobe ya yi kore. Shugaba ya yi kore. Agogo ya yi kore. Saƙar kuwa ta ƙi ɗinkewa, ta tsaya a ruwan ɗorawa tana cewa akwai baƙo a layinta.

Injiniya ta bi sawu. Ta ce kowace irin wannan na'ura tana sanar da kanta ga maƙwabta duk bayan daƙiƙa talatin, ta faɗi sunanta, ta ce ga ta nan. Ta buɗe jerin maƙwabtan tsohon babban suwic ɗin ginin, wanda sabuwar saƙar za ta jingina da shi. Duk sunayen ta san su daga littafin Biwaya, sai ɗaya a ƙasa, a kafar cusa waya ta ashirin da uku. Ta karanta shi a bayyane: silin bakwai.

Ɗan Silin ne yake raɗa wa ƙananan na'urorin da ya ɓoye a sama irin wannan suna. Na san silin ɗaya har zuwa shida, don ni na riƙe wa Biwaya tsani shekarun baya da ya sauko da su ɗaya bayan ɗaya, duk sun mutu. Ban taɓa jin na bakwai ba. Muna tsaye lambar da ke ƙirga daƙiƙu a gefen sunan ta koma sifili, alamar ya sake gaisuwa. Muka jira, ba wanda ya ce a jira. Daƙiƙa talatin, ya sake.

Injiniya ba ta ga abin damuwa ba. Ta buɗe littafi na biyu, ta nemo layin kafa ta ashirin da uku, ta ga an rubuta da hannun Biwaya cewa wayar ajiya ce, ba a amfani da ita. Ta ce to shi ke nan, wani tsohon tarkace ne aka manta da shi a kunne, a zare wayar kowa ya huta. Ta miƙa hannu bayan suwic ɗin. Wayar toka-toka ce, ta yi tauri don tsufa. Kafin yatsunta su kai, Biwaya ya rufe kafar da tafin hannunsa.

"'Yata, bari tukuna."

"Baba, littafinka ne ya ce ba a amfani da ita."

"Na san abin da ya ce. Ni na rubuta."

Ta kai maganar wurin Manaja, don aikinta ne. Manaja ya hau da kansa, abin da ba ya yi sai ana ɗaukar hoto. Ya ce ranar Alhamis motar kwashe tsofaffin sabobi za ta zo, kuma dokar kamfani ba a zare waya a ginin da ke da ɗakunan magani sai mai littafi ya sa hannu cewa ba ta riƙe da komai. Takarda ga ta, biro ga shi. Littafi ya riga ya faɗa, saura sa hannu kawai. Ya ba Biwaya zuwa tashin aiki ranar Laraba. Da zai fita ya ƙara da cewa bai ga dalilin da mutum zai ɓata shekara talatin da ɗaya a makon ƙarshe ba.

Ranar Talata da rana na sami Biwaya a bayan gini inda motoci ke lodi, zaune a kan fanko, abincinsa a rufe. Rana tana dukan siminti har ido ba ya buɗuwa sosai. Na ce masa in ba zai ci ba ya miƙo, kada a yi asara biyu. Ya miƙo mini kwanon, abin da bai taɓa yi ba, sai na ji yunwar ta tafi.

A nan ya gaya mini. Ranar da Ɗan Silin ya rasu, wannan wayar suke ja. Ɗan Silin ya ce masa akwai ɗan aikin da Manajan wancan lokacin ya sa shi a ƙasa, zai yi masa bayani in sun gama. Biwaya ya zauna riƙe da bakinsa yana jira. Jiran ya yi tsawo, har ya fara tsara zagin da zai yi masa. Can sai wayar ta motsa a hannunsa. Ja biyu, masu ƙarfi, da ɗan tsayawa a tsakani, yadda Ɗan Silin kaɗai yake yi. Ya dubi agogon bango, ya rubuta lokaci a lebul, ya cusa. Fitilar kafar ta kama, kore.

"Ƙarfe nawa?" na tambaye shi, duk da ban so ji ba.

"Sha ɗaya da arba'in."

Na ce masa ɓera ne. Na ce wani lebura ne ya taka ta, ko nauyinta ne ya ja ta a cikin bango. Ya ce duk ya gaya wa kansa waɗannan, har da wasu da ban kai ga tunaninsu ba, amma ɓera ba ya kunna fitila. Bayan an yi jana'iza ya ɗauki tsani sau uku zai bi ta, sau uku yana ajiyewa. A ƙarshe ya naɗe lebul ɗin da baƙin salatif, ya buɗe littafi ya rubuta cewa ta ajiya ce. Layi ɗaya ke nan na ƙarya a littafi huɗu. Kuma tun daga ranar bai sake yarda da jan waya ba, ko na wa.

Na ce to ya sa hannu mana, a zare, Alhamis ta zo ta wuce, ya tafi gida da sunansa fes. Ba wanda ya sani sai ni, ni kuma an san maganata ba a ɗaukarta da nauyi. Ya ce shekara goma sha tara abin nan yana cewa ga shi nan, duk rabin minti, ba wanda ya amsa. Mutum ba ya haɗa na'ura a silin don nishaɗi. Wani abu take riƙe da shi, kuma in ya sa hannu, ƙaryar ta tashi daga littafi ta shiga ginin.

"Gobe da safe ka zo mini da dogon tsaninka," ya ce.

Na ce masa bayana yana ciwo. Ya ce tsani ya ce, ba baya ba.

Laraba ƙarfe tara muka fara. Kafin mu fita ya kira Injiniya, ya buɗe littafi na biyu a gabanta, ya ce mata layin nan ba gaskiya ba ne, bai taɓa ganin ɗaya bakin ba. Ta dube shi, ta dubi littafin, ta ce to za ta zauna gaban allo, duk abin da ya canza za ta kira mu.

Wayar ta fita daga ɗakin ta wani rami a saman bango. Muka bi ta a baranda, yana ɗaga allunan silin ɗaya bayan ɗaya, ya zura kai da tocila, ya shafa, ya sauko, mu matsa gaba. Ma'aikata suna wucewa da fayil suna yi mana sannu. A sama kuwa wata duniya ce, duhu da ɗumi da warin tsohuwar ƙura, ga wayoyi ɗaruruwa kwance a kan juna, yawancinsu matattu. Tamu tana ƙasan duka, don ta riga su zuwa. Duk bayan taku biyar an ɗaure ta a jikin katako da ɗan jan zare, ƙulli biyu da hanci ɗaya. Biwaya ya ce ɗaurin Ɗan Silin ne.

Ta shiga ramin da bututun ruwa ke bi ta sauka ƙasa. Muka sauka ta matakala, muka wuce daidai wurin da na ɗauki Ɗan Silin, ba wanda ya dubi wani. A ƙasa ta bi ta saman ofishin masu lodi, ta yi kwana, ta miƙe doguwar barandar da ke kaiwa ɗakunan sanyi. Nan yankina ne, na san kowace ƙusa, amma ban taɓa ɗaga allon da ke saman ƙofar babban ɗakin sanyi ba, don ba bututuna a wurin. Allon ya manne da fenti na shekaru, sai da Biwaya ya sa wuƙa ya yanka gefensa.

Ya hau har kafaɗunsa suka shige. Ya daɗe a ciki. Ina riƙe da tsani ina jin sanyin ƙofar yana ratsa rigata, ina kallon takalmansa. Na ce masa in ya mutu ne ya faɗa mini in saki tsanin. Sai ya ce in hau ta ɗaya gefen.

'Yar na'ura ce kamar kwalin sabulu, an ɗaure ta a jikin katako da jan zare, an ja mata wuta daga layin fitilun gaggawa, waɗanda ba a taɓa kashewa. Ƙura ta rufe ta har ba a ganin launinta, sai ƙaramar fitila kore da ke ƙyaftawa a ƙarƙashin ƙurar. Wayarmu tana cushe a jikinta daram. Aikin a kammale yake, ba abin da aka bari rabi, har guntayen zaren da aka yanke an tara su a gefe ɗaya. Biwaya ya kama bakin wayar da yatsu biyu ya riƙe, kamar mai jin bugun jini. Sannan ya goge lebul ɗin da babban yatsa ya haska.

Rubutun Ɗan Silin ne, mai kwanciya gefe. Ranar daidai. Lokaci, sha ɗaya da arba'in.

Na ce ai kuskure ya yi da awa ɗaya, mutumin da ƙirji ke ciwo ba ya duba agogo da kyau, goma da arba'in yake nufi. Ina faɗa na tuna cewa goma da arba'in yana kwance a kujerar bayan mota, kansa a cinyata.

"Ba wannan nake dubawa ba," in ji Biwaya. "Shekara goma sha biyu muna rubuta lokaci, ni da shi. Yau ne na fara ganin namu ya zo ɗaya."

Akwai waya ta biyu a jikin na'urar, gajera, ta huda bango ta shiga cikin ɗakin sanyi. Wannan ni na bi ta, don ƙafafuna suna neman dalilin sauka. Na buɗe ƙofar na shiga, na ɗaga kai, na ga inda ta fito ta gangara cikin ɗan bututu zuwa jan maɓallin da ke gefen ƙofa ta ciki. Maɓallin da mutum ke dannawa ke nan in ƙofa ta rufe da shi, ƙararrawa ta yi ƙara a ɗakin mai gadi. Duk farkon wata ina danna shi don gwaji, mai gadi ya ɗaga mini hannu, in yi alama a takardata. Ban taɓa tambayar ta ina ƙarar take bi ba. Kuma a duk ginin, mutumin da ya fi shiga ɗakin nan shi kaɗai ya ja ƙofa, ni ne. Da an zare wayar ranar Litinin, gwaji na gaba sai bayan mako uku.

Muka kira Injiniya ta sauko da kwamfutarta. Ta hau tsanin da kanta, ta haɗa da 'yar na'urar, ta ce wanda ya saita ta ya zaɓi lambar can ƙarshe ne don a zamaninsa ba mai zuwa wurin. Za ta mayar da ita wani layi, minti goma, amma sai an zare wayar tukuna. Na tsaya a bakin ƙofar sanyi don kada kowa ya shiga. Biwaya ya zare da hannunsa, ya riƙe bakin bai ajiye ba har ta gama. Ta ga lebul ɗin, ta ce aikin mai tsabta ne, wa ya yi? Ya ce abokin aikinsa ne.

Da ta sauka ta koma gefe tana naɗe wayar kwamfutarta, shi ya cusa tasa. Fitila ta kama. Sai na ga ya naɗa wayar a yatsunsa ya ja ta sau biyu, da ɗan tsayawa a tsakani. Ɗakin saba yana can bene na biyu a kulle, katin buɗewa yana rataye a wuyan Injiniya. Bai saki ba. Ya tsaya a kan tsanin, kansa a cikin duhu, hannunsa a kan wayar, ni kuma ina ƙirga ƙyaftawar da nake gani a jikin katako. Na kai goma sha ɗaya kafin ya sauko.

Na tambaye shi a hankali ko an amsa. Ya ce in riƙe tsani da kyau, ƙafa ɗaya tana rawa.

Na shiga na danna jan maɓalli, mai gadi ya leƙo daga ƙarshen baranda ya ɗaga hannu yana tambayar ko wata ya ƙare ne bai sani ba. Da muka hau sama, allon ya riga ya zama kore gaba ɗaya. Saƙar ta ɗinke ba kowa a ɗakin, suwic shida sun gano juna sun raba aiki. A can ƙasan jerin maƙwabta silin bakwai yana nan a sabon layinsa, yana gaisuwa.

Biwaya bai sa hannu a takardar Manaja ba, ya mayar masa da ita fara, ya gaya masa dalili a tsaye, a gaban sakatariya. Manaja ya buɗe baki zai yi magana a kan layin ƙaryar, sai Injiniya ta ambaci jan maɓalli, ya rufe. Duk da haka labarin ya zaga ginin kafin la'asar, kuma an daina cewa ba a taɓa kama kuskure a littafin ba. A walimar sallamarsa Manaja ya yi jawabi mai tsawo a kan ƙwazo da zuwa aiki a kan lokaci, bai ambaci littafi ko sau ɗaya ba. Biwaya ya ji, ya ci kek ɗinsa.

Kafin ya miƙa littattafan ga Injiniya ya buɗe na biyu, ya ja layi ɗaya siriri a kan tsohon rubutun yadda har yanzu ana iya karanta shi. A ƙasa ya rubuta inda wayar ta nufa da abin da take riƙe da shi. Ya warware baƙin salatif ɗin da ke kan lebul ɗinsa ya jefa a kwandon shara. A gurbin sa hannu ya sa nasa, a gefe kuma ya rubuta sunan Ɗan Silin na yanka, cikakke, wanda ni kaina sai a ranar na tuna shi.

Yanzu yana gida, yana gyara wa maƙwabta soket ba a roƙe shi ba. Matarsa ta ce ya rage shafa igiyar shanya, wani lokaci ma har ya yarda ta riƙe ɗaya bakin. Injiniya ta so ta canza 'yar na'urar da sabuwa, ta rubuta a jerin ayyukanta, sai dai kullum wani abu yana shiga gaba. Ni dai duk farkon wata ina shiga in danna maɓallin kamar yadda na saba. Abin da ya ƙaru kawai, in zan ja ƙofar ɗakin sanyi nakan ɗaga kai in yi wa allon silin ɗin sallama, a hankali, yadda masu lodi ba za su ji ba.